Yadda za ka haɗa hedfon da tsohon talabijin da ba shi da kafar hedfon

Talabijin da yawa ba a yi musu kafar da ake cusa hedfon ba, musamman tsofaffin nan masu ƙaton baya, da wasu daga cikin masu faifai da ake rataye wa a bango. Buƙatar kuwa tana nan a gidaje. Akwai mai son kallon ƙwallon Turai da ake take wa ƙarfe 8 ko 9 na dare alhali jariri ya samu barci a ɗaki ɗaya da shi. Akwai dattijon da kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin labarai sai an ƙure sauti har maƙwabta na ji. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar sabon talabijin. Sautin yana da wata hanyar fita, ko a bayan talabijin ɗin, ko a jikin dikodar da ke ba shi hoto. Aikinka shi ne ka gano wannan hanya, ka ƙara wa sautin ƙarfi, sannan ka kai shi kunne da waya ko ba waya.

Kafin ka sayi komai, leƙa baya

Kashe talabijin, zare fulogi daga bango, ka juyo da shi ko ka zura kai da fitilar waya. Goge ƙurar da ta rufe rubutun da ke gefen kafofin, domin rubutun ne abin dubawa, ba kalar kafa ba. Ɗauki hoto mai kyau da wayarka. Zai yi maka amfani a kasuwa.

Nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Za ka ga kafofi zagayayyu, fara da ja, wani lokaci da ruwan ɗorawa a gefensu, sai ka ce ai ga inda sauti yake. Amma mafi yawansu na shiga ne. Idan an rubuta "AV IN" ko "INPUT" ko "COMPONENT IN", to ta nan dikoda ko DVD ke tura wa talabijin sauti, babu abin da ke fitowa daga ciki. Ko wace irin waya ka cusa, shiru za ka ji. Abin da kake nema shi ne wurin da aka rubuta "OUT": "AUDIO OUT", "AV OUT", "MONITOR OUT" ko "DIGITAL AUDIO OUT". Wasu kamfanonin ba sa rubutu, sai su zana ɗan da'ira da kibiya. Kibiya ta nufi cikin da'irar, shiga ne. Ta fito waje, fita ne.

Kafar USB kuma ka manta da ita a matsayin mafitar sauti. Don filashi aka yi ta, sai kuma wutar volt 5 da take bayarwa, wadda za ta yi mana amfani can gaba. Ɗan ƙaramin Bluetooth ɗin nan na USB da ake sa wa kwamfuta ba ya aiki a tsohon talabijin, saboda talabijin ba shi da manhajar da za ta gane shi.

Idan ka samu fara da ja masu fita

Ka yi sa'a, wannan ce hanya mafi sauƙi. Fara ta kunnen hagu ce, ja ta dama. A kasuwa akwai waya mai kawuna biyu, fari da ja, a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma kafar hedfon ta milimita 3.5, wadda muka saba gani a wayoyin hannu. Mai shago zai ce maka ita kaɗai ta isa. Za ta fitar da sauti, gaskiya ne, amma can ƙasa-ƙasa, siriri, babu nauyin ganga, kuma galibi rimot ba zai iya ƙara shi ko rage shi ba.

Dalilin shi ne ba a yi waɗannan kafofi don su motsa sifika ba, komai ƙanƙantarta. An yi su ne su miƙa wa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, sigina mai rauni, abin da bai fi kashi ɗaya cikin uku na volt ba a matsakaici, amfilifayar da ke karɓa da juriyar ohm 10,000 ko fiye. Hedfon na yau da kullum kuwa ohm 16 zuwa 32 ne, yana neman ƙarfin da kafar ba ta da shi. Kamar ka ɗora wa yaro buhun masara ne: zai ɗan motsa shi, ba zai kai shi ko'ina ba. Saboda haka dole a samu wani abu a tsakani.

Abu na farko da zan ce ka duba shi ne abin da kake da shi a gida. Tsohuwar rediyo mai kaset ko CD, ko na'urar sifikokin falo, in dai tana da kafar shiga da aka rubuta wa "AUX" ko "LINE IN", sannan tana da kafar hedfon a gaba, ta gama maka aiki. Sayi waya mai fari da ja a duka gefe biyu, ka haɗa "OUT" na talabijin da "AUX" na rediyo, ka murɗa rediyon zuwa "AUX", ka cusa hedfon a jikinta. Da ka cusa, sifikokinta za su yi shiru da kansu, maɓallin sautinta kuma ya zama naka. Sautin da irin waɗannan tsofaffin na'urori ke bayarwa sau da yawa ya fi na ƙananan kayan da ake sayarwa da arha.

In babu, sai ka nemi ƙaramar amfilifayar hedfon. Ba ta fi kwalin ashana biyu girma ba, tana da wurin shiga, wurin fita, da abin murɗa sauti. Wasu na cin wuta ta USB, wasu da adaftarsu suke zuwa. Akwai masu kafofi huɗu, mutum huɗu su saurara kowa da ma'aunin sautinsa. Masu ɗaukar sauti a situdiyo suna amfani da su, don haka shagunan kayan kiɗa da lasifika sun fi samun su.

Ga yadda za ka bi da haɗin. Komai a kashe, ka cusa fari a fari, ja a ja, ka danna su sosai har su zauna. Mayar da sautin amfilifaya ƙasa gaba ɗaya. Kunna talabijin, kunna amfilifaya, cusa hedfon, amma kada ka sa shi a kunne tukuna. Riƙe shi a hannu ka ɗan murɗa sautin har ka ji yana fita, sannan ka ɗora. Wannan tsari na da muhimmanci, domin ƙarar da ke fita lokacin cusa waya da sauti a sama na iya cutar da kunne nan take.

Daga nan shiga saitin sauti na talabijin. In ka ga "Audio Out" da zaɓin "Fixed" da "Variable", ka san bambancinsu. "Fixed" na nufin sautin da ke fita ba ruwansa da rimot: kana iya mayar da sifikar talabijin sifili, hedfon na ci gaba da aiki. Shi ne ya dace da mai kallon dare, kuma shi ne ya dace da gidan da ke da dattijo mai nauyin kunne, domin iyali na ji ta sifika daidai kima, shi kuma yana da nasa ma'aunin a hannu. "Variable" yana bin rimot, don haka sai ka nemi wurin kashe sifika, "TV Speaker Off", in ba haka ba duka biyun za su tashi tare. Maɓallin "Mute" a wasu talabijin yana yanke har sautin da ke fita ta baya. In ka ga haka, rage sautin zuwa sifili maimakon danna shi.

Wani tsohon talabijin kafa ɗaya ce gare shi, fara kawai. Wannan sautinsa hanya ɗaya ce, kuma za ka ji shi a kunne ɗaya. Sayi 'yar waya mai raba kai ɗaya zuwa biyu, ka ciyar da fari da ja na amfilifaya daga wannan kafa guda.

Talabijin na hannu da suka fito daga Turai kuma suna zuwa da wata kafa mai faɗi, mai ramuka 20, ana ce mata SCART. A Faransa aka ƙirƙiro ta, kuma a cikinta akwai layin shiga da na fita duka. Akwai adafta da ake cusa mata, mai kafofi fara, ja da ruwan ɗorawa. Tabbatar ka sayi mai ɗan makunni da aka rubuta wa "IN/OUT", ka tura shi zuwa "OUT". In SCART biyu ce a talabijin ɗin, gwada kowacce, domin a talabijin da dama ɗaya tana fitar da sautin tashoshin eriya kawai, ɗayar ce ke fitar da abin da ake kallo a lokacin.

Ɗauko sautin daga dikoda

A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da mafi yawan gidaje, kuma ita aka fi mantawa. Mutane kaɗan ne yanzu ke kallo da eriya kai tsaye. Dikodar DStv ce, ko GOtv, ko StarTimes, ko risibar dish irin su Strong, ko DVD. Sautin daga can ya taso, talabijin karɓa kawai yake yi. Kafofin fara da ja na bayan dikoda kuwa na fita ne. Ko talabijin ɗinka ba shi da "OUT" ko ɗaya, matsalar ta ƙare a nan.

Yadda za ka yi ya danganta da yadda aka haɗa dikodar. Idan da wayar HDMI take kai hoto, ko da wayar eriya ta kafar "RF OUT", to fara da ja ɗinta a sake suke. Galibin dikodoji suna fitar da sauti ta can a lokaci guda. Ja waya daga nan zuwa amfilifaya ko rediyo, ka rage sautin talabijin zuwa sifili, shi ke nan.

Idan kuwa da waya mai kawuna uku aka haɗa, ka bar ruwan ɗorawa a inda yake, domin shi ne hoto. Kana iya zare fari da ja daga talabijin ka kai su amfilifaya, sai dai duk lokacin da iyali za su yi kallo sai an mayar, kuma yawan zarewa da cusawa na sassauta kafa. Gara ka sayi masu raba waya guda biyu, ɗaya a fara ɗaya a ja, reshe ɗaya ya tafi talabijin, ɗaya ya tafi amfilifaya. An haɗa sau ɗaya, an huta.

Ka ɗaga sautin dikoda da rimot ɗinta zuwa kusan ƙarshe, ka riƙa sarrafawa daga amfilifaya. In ka bar na dikoda a ƙasa ka ƙure na amfilifaya, za ka riƙa jin wani "shiii" a bayan magana.

Wani abu da ke ruɗar mutane: wasu ƙananan dikodoji da akwatunan Android suna da kafa mai kama da ta hedfon sak, an rubuta mata "AV". Ba ta hedfon ba ce. Hoto da sauti ne suke fita tare ta cikinta, shi ya sa in ka cusa hedfon kake jin ƙugi mai kaifi a kunne ɗaya, ko sauti mai rauni. Yi amfani da wayarta ta asali, mai rabuwa gida uku, ka ɗauki fari da ja.

Na'urar da HDMI kaɗai take da shi, akwai ɗan akwati da ake sa wa tsakaninta da talabijin, yana barin hoto ya wuce, ya ware sauti ya fitar ta fara da ja ko kafar hedfon. Yana aiki, sai dai ƙarin kuɗi ne da ƙarin wayoyi, don haka sai an rasa wata hanya.

Kafar nan mai jan haske

Talabijin masu faifai da yawa an cire musu fara da ja masu fita, an bar wata 'yar kafa mai kusurwa huɗu da ɗan murfi, an rubuta "OPTICAL" ko "DIGITAL AUDIO OUT". In talabijin na kunne ka ɗaga murfin, za ka hangi jan haske a ciki. Kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983. Sautin da ke bi ta nan lambobi ne da haske ke ɗauke da su, saboda haka babu wata waya da za ta kai shi hedfon kai tsaye. Sai an sa na'urar da ke juya lambobin su koma sauti, wadda ake kira DAC. Nemi wadda ke da kafar hedfon da abin murɗa sauti a jikinta. Da yawa daga cikin masu arha fara da ja kawai suke fitarwa, sai ka sake neman amfilifaya.

Wayar hasken tana zuwa da 'yan huluna na roba a kawunanta biyu. Cire su kafin ka cusa, ka daidaita kan da siffar kafar, ka danna har ka ji ƙas. Kada ka lanƙwasa ta sosai, zaren da ke ciki na karyewa. Ba DAC wuta ta USB, sannan ka shiga saitin sauti ka mayar da "Digital Audio Out" zuwa "PCM". Wannan mataki shi ne ke sa mutane mayar da kaya kasuwa suna cewa ba ya aiki. In saitin yana kan "Auto" ko "Dolby Digital" ko "Bitstream", ƙaramar DAC ba ta iya karanta shi, sai ka ji shiru ko wata ƙara mai tsanani kamar ana soya abu. Haka dokar take ga kafar nan zagayayya guda ɗaya, mai ruwan lemo, da aka rubuta wa "COAXIAL".

In ba ka son waya ta ratsa falo

Na'urar tura sauti ta Bluetooth tana shiga daidai inda amfilifaya za ta shiga: fara da ja na talabijin ko dikoda, wasu ma suna karɓar wayar haske kai tsaye, su raba ka da sayen DAC. Kula wajen saye, domin akwai mai karɓa akwai mai turawa, kuma sun yi kama. Mai karɓa ita ake sa wa mota ko sifika don jin waƙa daga waya. Ba ita kake nema ba. Nemi mai "TX", ko mai makunnin "TX/RX" ka ajiye shi a "TX".

Ba ta da allon da za ka zaɓi suna, don haka haɗa su na son natsuwa. Kashe Bluetooth na duk wayoyin da ke ɗakin, in ba haka ba hedfon zai koma wa wayar da ya saba da ita. Danna maɓallin hedfon ka riƙe har fitilarsa ta fara ƙiftawa da sauri, ka yi wa na'urar haka ita ma, ka ajiye su kusa da juna ka jira. In fitilar ta tsaya cak ko ta rage ƙiftawa, sun kama. Daga ranar, da kansu za su riƙa neman juna. Nisan da suke kaiwa kamar mita 10 ne, bango kuma na rage shi.

Aibin Bluetooth shi ne jinkiri. A tsarin da kowane hedfon ke da shi, mai suna SBC, sauti kan makara da wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A wasan ƙwallo ba ya damun mutum sosai, amma a fim ko labarai za ka ga baki ya riga murya, kuma da ka lura ba ka daina gani. Maganinsa tsarin aptX Low Latency, wanda ke sauko da jinkirin zuwa kusan milisakan 40, wato kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa, amma sai in na'urar da hedfon duka suna da shi. Ɗaya kaɗai ba ya wadatarwa, kuma AirPods ba su da shi. Saitin "Audio Delay" na talabijin ba ya taimakawa a galibi, domin ƙara wa sauti jinkiri yake yi, kai kuma ragewa kake so.

Ga dattijo, na fi son hedfon ɗin da aka yi musamman don talabijin, mai zuwa da mazauninsa, irin jerin RS na kamfanin Sennheiser. Mazaunin ne ake haɗawa da fara da ja, shi ne kuma caja. Ɗauka kawai zai yi ya sa a kai, in ya gama ya mayar, ba danne-danne, jinkirin kuma ba a jin sa. Ya fi tsada, kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba.

Ƙugi, kunne ɗaya, da muryar da ta ɓace

In kana jin wani gunji "zuuu" da ba ya tsayawa, yawanci daga wutar USB ta talabijin ko dikoda yake shigowa. Mayar da na'urar kan cajar waya daban ko fawa bank ka ji. In bai tafi ba, akwai ɗan abin da ake sa wa a layin sauti mai raba ƙasan na'urorin biyu, an rubuta masa "ground loop isolator". Raba wayar sauti da wayoyin wuta ma yana ragewa, musamman lokacin da ake kan janareta.

Kunne ɗaya kawai ke aiki? Sauya fari da ja. In shirun ya koma ɗaya kunnen, matsalar daga talabijin ko waya take. In bai motsa ba, hedfon ne ko amfilifaya. In kuma kiɗa na fita amma muryar mutane ta yi nisa kamar daga rijiya, dubi kan hedfon ɗin. Iyafis na waya mai makirufo zobe uku ne a kansa, kafofin tsofaffin na'urori kuma don mai zobe biyu aka yi su. Samo mai zobe biyu, ko adaftar da ke raba makirufo da sauti.

Kada a buɗe talabijin

Za ka samu mai ba ka shawarar a buɗe baya a jawo waya daga sifika a sa kafa. Ina roƙonka kada ka yi wannan da hannunka. Kwalbar tsohon talabijin mai kala tana aiki da wutar da ta kai wajen volt 25,000, kuma tana riƙe caji bayan an zare fulogi. Abin da ya fi haka haɗari, wasu tsofaffin, musamman waɗanda kafar eriya kaɗai gare su, cikinsu ba a raba shi da wutar gida ba. Rashin kafar hedfon a jikinsu ba mantuwa ba ce. Wayar da aka jawo daga sifikarsu na iya ɗauko wutar bango, volt 230, ta kai ta kan mutum. A talabijin masu faifai kuma, sifikar hagu da ta dama galibi ba su haɗa layin dawowa ba, hedfon kuwa yana haɗe su, sai amfilifayar ciki ta ƙone. Ko gogaggen mai gyara ne zai yi, sai ya sa taransifoma mai raba wuta a tsakani, kuma tunda ga dikoda a gefe, babu dalilin shiga wannan.

Haka nan, in jikin dikodarka ko kan wayar dish yana ɗan jan hannu in an taɓa, kada ka sa hedfon mai waya sai mai gyaran wuta ya duba layin ƙasa na gidan. Da damina in aka fara tsawa, cire hedfon mai waya, domin layi ɗaya ne daga dish ɗin da ke kan rufi har kunnenka.

Sannan ka kula da ƙarfin sautin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 80 na tsawon awa 40 a mako ga manya, desibel 75 ga yara. Ba ka da ma'auni a gida, amma in wanda ke zaune kusa da kai ya yi magana ba ka ji ba, ko shi yana jin abin da kake saurare, sauti ya yi yawa. Hedfon mai rufe kunne duka ya fi iyafis a nan, domin yana tare ƙarar janareta da fanka, ba sai ka ƙure ba.

Ranar da za ka je kasuwa, tafi da hoton bayan talabijin da na dikoda, da hedfon ɗin da za ka yi amfani da shi, ka sa a gwada kayan a gabanka, ku kuma yi magana a kan musanya in bai dace ba. Auna nisan daga talabijin zuwa inda kake zama kafin ka fita. Wayar hedfon ba ta cika wuce mita 1.2 ba, don haka za ka buƙaci ƙarin waya ta mita 3 ko 5. Gara ka tsawaita wayar fara da ja, ka ajiye amfilifaya kusa da kujera inda hannunka zai kai ga abin murɗa sauti, ka bi da wayar ta gefen bango ko ƙarƙashin darduma don kada yaro ya yi tuntuɓe ya jawo dikoda ƙasa.